An Kulle Ɗaka, An Bar Zaure A Buɗe

Tsakanin lokacin da mutum ya latsa maɓallin kunna kwamfuta da lokacin da ta nemi ya shigar da kalmar sirrinsa, akwai wasu 'yan daƙiƙoƙi da kusan babu mai kula da su. A cikinsu ne akan gyara zama, a kurɓi shayi, a duba waya. Allo ya yi baƙi, tambarin kamfani ya bayyana ya ɓace, wasu rubuce-rubuce su gilma kamar walƙiya, sai ga fuskar da aka saba gani. Shekara goma sha biyar ke nan ina koyar da ilimin kwamfuta a jami'a, kuma in aka tambaye ni inda muka fi yin sakaci da tsaron na'urorinmu, a ofisoshi da makarantu da cibiyoyin jarrabawa, waɗannan 'yan daƙiƙoƙi zan nuna.

Abin da ya sa na ɗauko batun a yanzu shi ne, tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 tallafin da ya saba, jama'a da dama sun shiga sauya babbar manhajar kwamfutocinsu. Windows 11 ta zo da sharuɗɗan da yawancin tsofaffin na'urorin da muke saye na hannu ba su cika ba. Saboda haka wasu sun koma Linux, wasu sun haɗa biyun a na'ura guda, wasu kuma sun miƙa wa mai gyara sun ce ya yi yadda ya ga ya dace. Duk wanda ya ɗora sabuwar babbar manhaja, ko ya sani ko bai sani ba, ya yanke hukunci a kan yadda kwamfutarsa za ta riƙa tashi da kuma wanda zai iya tsoma baki a tashin nata.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ɓoye. Kwamfutar da aka kashe ba ta san komai ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita tana kwance ne a cikin ma'adana kamar littafi a cikin akwati, kuma littafi ba ya buɗe kansa. Da zarar wuta ta shiga, wata 'yar manhaja da aka dasa a jikin babban allon na'urar tun daga masana'anta ce ke fara farkawa. A tsofaffin kwamfutoci sunanta BIOS, a sababbi kuwa UEFI. Ita ce ke duba ko ƙwaƙwalwa da ma'adana da sauran sassa suna nan lafiya, sannan ta nemi wanda za ta miƙa wa ragama. Wanda take miƙa wa ɗin shi ne abin da masu sana'ar ke kira butloda. Ni a aji nakan ce mata manhajar tayarwa, domin aikinta ke nan: ta nemo zuciyar babbar manhaja, ta ɗora ta a ƙwaƙwalwa, ta faɗa mata sharuɗɗan da za ta tashi a kansu, sannan ta ja gefe. Windows tana da tata, wadda ba ta cika nuna fuska ba. A duniyar Linux kuwa wadda ta fi shahara ita ce GRUB.

A tsohon tsari, mazaunin farko na wannan manhaja shi ne gurbin farko na ma'adana, mai girman bayit 512 kacal. Daga ciki 446 ne rabonta, 64 na jadawalin yadda aka rarraba ma'adanar, biyun ƙarshe kuma alama ce da ke nuna cewa ana iya tashi daga nan. Wato abin da bai kai tsawon sakin layi ɗaya na jarida ba shi ne ke riƙe da wuyan duk abin da ke cikin na'urar. A sabon tsari an keɓe mata ɗan yanki nata na musamman a ma'adana, inda manhajojin tayarwa da yawa za su iya zama maƙwabtan juna. Mazauni ya sauya, amma matsayin yana nan.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san matsayin zaure. Ko ɗakuna nawa ne a ciki, ta nan ake bi, kuma a nan baƙo ke tsayawa ya yi sallama. Kalmar sirrin da muke shigarwa a fuskar Windows ko Linux kwaɗon ƙofar ɗaki ce. Manhajar tayarwa ita ce zauren. Mu kuwa mun ƙware wajen sayen kwaɗo mai nauyi, muna cusa lambobi da alamomi a kalmar sirri har mu kanmu mu kasa tunawa, alhali zauren ko asabari babu.

A kowace shekara nakan yi wa ɗaliban aji uku wani gwaji. Nakan kawo kwamfuta mai ɗauke da Linux, in sa ɗaya daga cikinsu ya sanya mata kalmar sirri mai tsawo ba tare da na gani ba. Daga nan in kashe ta in sake kunnawa. Da jerin zaɓin GRUB ya bayyana, sai in latsa harafi guda, in ƙara 'yan kalmomi a ƙarshen wani layi, in ce ta tashi. Kafin minti biyu ta miƙa mini cikakken iko a kan komai, ba tare da ta tambaye ni ko wane ne ni ba. A nan aji kan yi tsit. Wata shekara ɗalibar da ta sanya kalmar sirrin ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ke nan duk wahalar da na sha wajen zaɓen kalmar nan ta banza ce?” Na ce mata, “Tana da amfani, amma ga wanda ya yarda ya bi ta ƙofar da kika tsare.”

Mai karatu kada ya ɗauka wani sirri na tona ko wata ɓaraka na gano. Da gangan aka bar wannan hanya, kuma tana rubuce a littattafan koyar da masu kula da na'urori, domin ranar da mai kula ya manta kalmar sirrinsa ko wani abu ya lalace ya samu ta inda zai shiga ya yi gyara. Waɗanda suka tsara ta sun ɗauka cewa duk wanda ya iya zama a gaban na'urar ya taɓa maɓallanta, to amintacce ne, domin a tunaninsu tana cikin ɗaki mai ƙofar ƙarfe da mai gadi. Windows ma ba ta tsira ba. Wanda ya zo da filash ɗinsa mai ɗauke da wata babbar manhaja, ya sa kwamfutar ta tashi daga ciki, zai karanta duk abin da ke ma'adanarka kamar yadda ake karanta allon sanarwa, matuƙar ba a layance bayanan ba.

To, mu duba namu ofisoshin. Makullin ofis yana hannun masinja, kwafinsa yana hannun mai shara, wani kwafin kuma yana aljihun wanda ya bar ofishin shekara uku da suka wuce bai mayar ba. Malamai uku ko huɗu suna raba ɗaki guda, ɗalibai na shiga suna fita. Ba zargin kowa nake yi ba. Yawancin waɗannan mutane sun fi wasu manyan riƙon amana. Amma tsaron da ya dogara kacokan ga kyawun halin duk wanda ya taɓa riƙe makulli, fata ne kawai. A shekarar 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk tsawon wannan lokaci kwamfutocin da ke ɗauke da sakamakon jarrabawa da tambayoyin da ba a riga an yi ba suna zaune a ofisoshin da babu mai leƙawa. Wanda ya shiga ta zauren da na kwatanta ba ya fasa ƙofa, ba ya ɗaukar komai. Zai iya mayar da 38 ta koma 68, ya kashe na'ura, ya fita. Ranar da abin ya fito fili, jami'in jarrabawa za a tuhuma, domin shi kaɗai aka sani da kalmar sirri, kuma ba shi da hujjar da zai kare kansa. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a lamarin. Asarar bayanai ana iya mayar da ita, amma mutuncin ma'aikacin da aka shafa wa kashin kaji da wuya ya dawo.

Haka abin yake a cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, waɗanda suka yawaita tun da hukumar JAMB ta koma wannan tsari gaba ɗaya a 2015, da ofisoshin biyan albashi, da ɗakunan ajiye bayanan marasa lafiya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin ɗaukar matakan tsare su, kuma ban ga yadda za a ce an sauke wannan nauyi ba alhali kowa na iya tayar da na'urar yadda ya so.

Lokacin gyara wannan al'amari shi ne ranar ɗora babbar manhaja, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyara yana wannan aiki ya san yadda ake yi. Yatsa na kan maɓalli, ana latsa “gaba, gaba, gaba” ba tare da karanta tambayar ba, saboda akwai wasu kwamfutoci biyar a layi kuma ana tsoron a ɗauke wuta. Ban ga laifinsa sosai ba. Kuɗin aikin ba su taka kara sun karya ba, kuma mai na'urar abin da ya dame shi kawai ya ga allo ya kawo.

Bangaren saiti ba shi da wuya, kuma ba zan daɗe a kansa ba. A tsohon tsari, a tabbata an ɗora manhajar tayarwa a kan ma'adanar da kwamfutar ke tashi daga gare ta, ba a kan filash ɗin da aka zo da shi ba, in ba haka ba da zarar an zare shi na'ura ta zama gawa. Mai son haɗa Windows da Linux ya fara ɗora Windows, domin ita ba ta cika mutunta maƙwabci ba. In ta zo daga baya takan ɗora tata manhajar tayarwar a gaba. Kada kuma a cakuɗa tsari, a ɗora ɗaya bisa tsohon tsarin BIOS, ɗayar bisa UEFI, domin ba za su ga juna ba. Tun daga GRUB 2.06 da ta fito a 2021, an daina neman sauran manyan manhajoji kai tsaye sai an ba da izini, saboda haka wanda bai ga Windows ɗinsa a jerin zaɓi ba kada hankalinsa ya tashi ya yi gaggawar goge komai. Tana nan, saiti guda ne za a kunna.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne sanya wa GRUB kalmar sirri. Ba a rubuta kalmar a fili cikin fayil ɗin saiti, domin duk wanda ya buɗe shi zai gani. Akwai umarnin da ke niƙe ta ya mayar da ita wani dogon jerin haruffa da lambobi wanda ba a iya juya shi a gano asali, kuma wannan niƙaƙƙen ake ajiyewa. A Red Hat da Fedora umarni guda ne ke kammala aikin. A Debian da Ubuntu sai an rubuta sunan mai iko da niƙaƙƙiyar kalmar a fayil, sannan a sabunta saitin.

A nan ne kuma ake yin gyaran gangar Auzinawa. Akwai bambanci tsakanin hana mutum ya sauya yadda kwamfuta za ta tashi, da hana ta tashi kwata-kwata. A Debian da Ubuntu, da zarar an naɗa mai iko, GRUB takan nemi kalmar sirri kafin ta tayar da komai, sai fa in an yi wa zaɓin yau da kullum alamar cewa kowa na iya bi ta kansa. A ƙasar da wuta ba ta yankewa wannan ƙaramar matsala ce. A wurinmu babba ce. Ka ɗauka uwar garken da ɗalibai ke yin rajista ta kanta ce. Aka ɗauke wuta ƙarfe biyun dare, batir ya ƙare, janareta ya tashi da asuba. Na'urar za ta kunna kanta ta tsaya cak a zaure tana jiran wanda zai zo ya buga kalmar sirri, shi kuwa yana can wani gari wurin ɗaurin aure. Ra'ayina shi ne, a irin waɗannan na'urori a bar tashi na yau da kullum a sake, a kulle sauya saiti da hanyar gyara. Abin da ake tsoro dama shi ne mai sauyawa.

Akwai wani ɗan tarko da ya shafe mu musamman. Nakan ƙarfafa wa ɗalibaina gwiwa su riƙa gina kalmar sirri da jimlar Hausa, domin ta fi sauƙin tunawa kuma ta fi wahalar cinka. Amma a wannan matakin a guji haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ. A lokacin da manhajar tayarwa ke aiki, babbar manhaja ba ta riga ta farka ba, balle a samu tsarin rubutun Hausa. GRUB, in ba an yi mata wani saiti na daban ba, jerin haruffan allon rubutu irin na Amurka kawai ta sani. Wanda ya sanya “ƙ” a kalmarsa ya ƙera makullin da ba shi da hanyar zura shi a kwaɗo. 'Yan uwanmu na Nijar da ke amfani da allon rubutu irin na Faransa su ma sai su kula, domin a can inda aka rubuta “a”, manhajar tayarwa “q” take gani. Hanya mafi sauƙi ita ce, bayan an sanya kalmar, a sake kunna na'urar nan take a gwada ta tun filash ɗin gyara yana hannu.

Shin da an yi wannan an gama? Da sauran rina a kaba. Wanda ya zo da filash ɗinsa bai ma buƙatar bi ta GRUB. Don haka sai a koma saitin BIOS ko UEFI, a sa ma'adanar ciki ta zama farkon abin da za a tashi daga gare shi, a hana tashi daga filash, sannan a kulle saitin da tasa kalmar sirrin. Shi ma wannan, a yawancin kwamfutocin tebur, ana iya shafe shi ta hanyar buɗe murfi a zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo. Abin dariya shi ne, yawancin akwatunan kwamfutar ofis suna da 'yar kafa a baya wadda aka yi domin a rataya kwaɗo, amma ban cika ganin wanda ya rataya ba. Kwaɗon da bai kai kuɗin abincin rana ba yana rufe ƙofar da ilimin digiri uku bai rufe ba. In kuwa ɓarawo ya ɗauke na'urar ɗungurungum, ya zare ma'adanar ya jona a wata, to babu abin da zai hana shi karantawa sai layance bayanai, wato a sauya musu kama yadda ba mai fahimtarsu sai mai makulli. A Windows sunan tsarin BitLocker, a Linux kuma LUKS, kuma ranar ɗora manhaja ce ranar da ya fi sauƙin kunnawa. Ga duk mai yawo da kwamfutar cinya, wannan ya fi duk sauran muhimmanci.

Kai wa zauren kwamfuta hari ba sabon abu ba ne. Ƙwayar cutar farko da ta yaɗu a kwamfutoci samfurin IBM, mai suna Brain, a 1986 ta fito daga birnin Lahore na Pakistan, kuma a gurbin tashi na faifan filofi take ɓuya. Wasu 'yan uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta ta, har da adireshinsu da lambar wayarsu a ciki. Shekara talatin da ɗaya bayan haka, a watan Yunin 2017, wata ƙwayar mai suna NotPetya ta ɓulla daga Yukiren, ita ma ta murƙushe gurbin tashi. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda muke ganin kwantenoninsa a bayan tireloli, sai da ya sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci kusan 45,000 da uwayen garke 4,000. Dalilin da ya sa masu kutse ke son wannan wuri a fili yake. Wanda ya riga kowa farkawa shi ke tsara abin da sauran za su gani, har da manhajar kashe ƙwayoyin cuta.

Domin toshe wannan kafa aka fito da tsarin Secure Boot, wanda ya yaɗu tare da Windows 8 a 2012. Ma'anarsa ita ce UEFI ba za ta miƙa ragama ga kowace manhajar tayarwa ba sai ta ga hatimin da ta yarda da shi. Manyan nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Fedora da Debian suna aiki da shi lafiya lau, ta hanyar wata 'yar manhaja mai suna shim wadda ke ɗauke da hatimin Microsoft. Duk da haka, abu na farko da masu gyara da yawa ke yi shi ne kashe shi, wani lokaci saboda filash ɗin da suka zo da shi na ɗauke da manhajar da ba a san asalinta ba, wani lokaci kuma don sabo kawai. Idan mai gyara ya ce maka sai an kashe wannan tsari kafin manhajarsa ta shiga, kana da haƙƙin tambayarsa daga ina ya samo ta. An yi ba a yi ba ke nan, a rufe ƙofa da ɓarawo a ciki.

Ba ina cewa waɗannan matakai ba su da rauni ba. A ƙarshen 2015 wasu masu bincike biyu a wata jami'a da ke Balensiya ta ƙasar Sifen suka gano cewa latsa maɓallin gogewa sau 28 a wurin rubuta suna yana iya tsallake kalmar sirrin GRUB. A watan Yulin 2020 aka bayyana wata ɓarakar mai suna BootHole. A 2023 kuma kamfanin ESET ya tabbatar da samuwar BlackLotus, wadda ke tsallake Secure Boot a kan Windows 11, ana sayar da ita dala 5,000 a kasuwar masu kutse. An yi wa waɗannan duka magani, amma maganin yana isa ne ga na'urar da ake sabunta wa manhaja, mu kuwa da yawanmu kashe sabuntawa muke yi don tattalin data.

Akwai kuma abin da ban taɓa samun natsuwa da shi ba game da Secure Boot, ko da yake ina ba da shawarar a bar shi a kunne. Hatimin da kusan kowace kwamfuta ta duniya ke dubawa kafin ta tashi yana hannun kamfani guda ne a Amurka. A watan Agustan 2024 wata sabuntawa da Microsoft ta fitar ta hana Linux tashi a kan na'urori da dama da suka haɗa manyan manhajoji biyu. Takardun shaidar hatimin da aka dasa tun 2011 kuma wa'adinsu yana ƙarewa ne a 2026, daga watan Yuni. Na'urar da ba ta karɓi sababbin ba za ta ci gaba da tashi, sai dai za ta daina samun sababbin gyare-gyaren tsaron wannan mataki. Tsofaffin kwamfutocin da masana'antunsu suka daɗe da mantawa da su, waɗanda su ne suka cika ɗakunan karatunmu, su ne suka fi fuskantar a bar su a baya. Tsarin ya ba mai na'ura damar dasa nasa hatimin a yawancin kwamfutoci, kuma ina ganin ya kamata cibiyoyin fasahar sadarwa na jami'o'inmu su fara koyon yin haka, ko da a kan uwayen garkensu ne kawai.

Sauran magana ita ce ta makulli, kuma a nan na fi ganin hawaye. Wata abokiyar aikina a wani sashe, tana gab da kammala digirinta na uku, ta kai kwamfutarta wurin wani mai gyara domin ya ƙara mata Linux saboda wata manhajar nazari da take buƙata. Ya kashe Secure Boot kamar yadda ya saba. Da Windows ta ga an taɓa zaure sai ta ƙi buɗewa, ta nemi lambobi 48 na ceto. Garin neman gyara ya shafe ɗan guntun tsaron da ke riƙe da makullin a jikin na'urar, abin ya zama garin gyaran gira an rasa ido. Ta shigo ofishina riƙe da kwamfutar ta ce, “Dakta, aikin shekara huɗu ne a ciki, kuma ni ban taɓa sanya wata lamba ba.” Gaskiya ta faɗa. Sababbin kwamfutoci da yawa suna layance ma'adana da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, su ajiye lambobin ceton a cikin asusun. Asusun kuwa yaron shagon da ta sayi na'urar ne ya buɗe shi da adireshin imel ɗin da ya ƙirƙira a tsaye, ita ba ta ma san da shi ba. Kwana tara muka yi muna cigiyarsa, domin ya bar shagon. Da aka same shi, sa'a ɗaya aka ci, ya rubuta bayanan asusun a bayan wani tsohon littafin rasit.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana irin wannan. A watan Yulin 2024, lokacin da wata sabuntawar kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows, gyaran kansa ɗan ƙarami ne, amma a kan na'urorin da aka layance sai da lambobin ceto, kuma waɗanda ba su san inda nasu suke ba sun fi kowa daɗewa a ƙasa.

A ma'aikatunmu matsalar takan zo ta wata fuska. Ma'aikaci guda ne ya san kalmar sirrin BIOS ta duk kwamfutocin ɗakin gwaji, sai a yi masa canjin wurin aiki, ko ya tafi ƙaro ilimi, ko ya riga mu gidan gaskiya. Na taɓa karɓar kwamfutoci ashirin da wani ɗan kwangila ya kawo wa sashenmu, shida daga ciki saitinsu a kulle da kalmar sirrin wata ma'aikata ta ƙasar waje da ta yi amfani da su tun farko. An riga an biya shi, wayarsa kuma ta daina shiga. Waɗannan shidan sai da aka yi wata biyu ana fama kafin su amfanu.

Tun daga lokacin muka ɗauki wata hanya a sashenmu, wadda ba ta buƙatar ko sisin kwabo. Kalmar sirrin BIOS, da ta manhajar tayarwa, da lambobin ceton kowace na'ura mai muhimmanci, ana rubuta su da hannu a takarda tare da lambar jikin na'urar, a sa a ambulan a liƙe, shugaban sashe da jami'in fasaha su sa hannu a kan bakin, a ajiye a akwatin ƙarfen da ake ajiye takardun jarrabawa. In aka buɗe ambulan saboda wata larura, ko ɗaya daga cikin biyun ya bar muƙaminsa, sai a sauya kalmomin a yi sabo. Mun kuma roƙi a ƙara layi guda a takardar karɓar kaya, cewa ba za a sa hannu a kan kowace kwamfuta ba sai an kunna ta an shiga saitinta a gaban wanda ya kawo.